Inda Yake Numfasawa

A Halifax, gida mai lamba tara, hawa na biyu,
bango ɗaya ne tsakanina da Wilfred Sugden,
bangon kuma da kaɗan ya fi faifai kauri.
Ni direban bas ne, aikin dare.
In na dawo da asuba, ido kamar an zuba barkono,
shi kuwa lokacin yake ɗumama leɓe.

Bigila ce sana'arsa, shekara hamsin da ɗoriya.
Ya busa a jana'iza, ya busa a gidan rawa,
ya busa ranar da aka rufe masaƙar unguwarsu,
ma'aikata na fitowa da kofunan shayinsu a aljihu.

Ran nan na hau fushi, na doki ƙofarsa.
Ya ce in turo, a buɗe take.
Ɗakin kamar rumfar dillali:
gita a rataye a ƙusa,
wani ƙaton goge da ya fi mai shi tsawo
ya jingina a lungu kamar baƙon da ya ƙi zama,
ga fiyano mai haƙori ɗaya a karye.
Shi yana tsakiya,
yatsu uku na dama a kan bigila,
hannun hagu yana yawo a kan fiyano.
Dama ta yi tambaya, hagu ya amsa.
Na manta abin da ya kawo ni.

Na ce masa, a garinmu
taura biyu ba ta taunuwa.
Sai da na yi gumi kafin na fassara.
Ya yi dariya har da tari,
ya ce ai ɗaya ce a bakin,
sauran duk aikin hannu ne,
kuma bigila ba ta ciyar da mutum kowane wata.
Goge ne ya biya haya shekarar da ba a yi bukukuwa ba.
Gita ce ta sayi wannan kwat.

Da sanyi ya kama, likita ya cire masa haƙora huɗu na gaba.
Na roba da aka sa masa
ba su riƙe leɓe.
Ya gwada. Na ji ta bango:
iska kawai, kamar taya ta yi faci.
Ya sake gwadawa.
Daga nan shiru.

Mako uku.
Abin da na daɗe ina roƙo ya samu,
barci kuma ya ƙi zuwa.
Ina juyi, ina jin firji, ina jin ruwa a taga.

Wata Laraba fiyano ta tashi,
hannu biyu wannan karon.
Ina kwance na lura da wani abu.
Fiyano ba ta cin iska,
ana iya kaɗa ta daga nan har Bradford ba hutu,
amma shi sai ya tafi, ya tafi,
ya tsaya cak,
ɗan gurbi, gwargwadon cika ƙirji,
sannan ya ɗora.
Hannuwa sun sauya aiki,
huhu bai samu labari ba.

Yanzu duk Asabar
'yar mai shagon kifi, Nuala, shekararta sha ɗaya,
tana hawowa da akwatin bigilar,
yana bugun gwiwarta a matakala.
Busarta har yanzu kukan agwagwa ce.
Ba ya yi mata dogon bayani.
Yana zaune a fiyano, ya ba ta baya,
in ya tsaya, ta ja numfashi,
in ya ɗora, ta bi.

Ni kuma ta wannan gefen bangon,
da takalmin aiki ban ko cire ba,
na kama kaina
ina ja tare da su.