Ruwan Ɗorawa

Shafi ɗaya nake so, ni Hortensia,
shafi ɗaya tak, baƙin rubutu a kan farar takarda,
in kai ofishin fansho kafin Juma'a
su yarda ina nan da raina, ban mutu ba.

Firintar da ke gefen keken ɗinkina
ta yi tari, ta yi miƙa,
ta ja numfashi kamar mai shirin magana,
sannan ta zare mini ɗan jan idonta:
wai tawadar ruwan ɗorawa ta ƙare.

Na ce, baiwar Allah, wa ya aike ki?
Ba hoton ayaba na roƙa ba.
Baƙa na ce, baƙar kuwa tana nan,
na ciro na girgiza, na ji motsinta.
Ta yi gum.
Ido ja, baki a rufe.

Na kira jikana Aníbal can Santiago.
Kaka, kashe ki kunna, in ji shi, yana tauna wani abu.
Na kashe, na kunna.
Sai kwamfuta ita ma ta ga dama,
ta ce sai na faɗi kalmar sirri,
in na manta, in faɗi sunan karena na fari.
Na rubuta Canelo. Ta ce ba shi ba ne.
Ni na yi renonsa, ni na binne shi a gindin lemo,
amma yau akwati ya fi ni sanin sunansa.

Na ɗau jaka na kama gangara.
Matakala ɗari da sittin da biyu
daga ƙofata zuwa gindin tudun Valparaíso,
gwiwar hagu ce ke ƙirga mini su.
Teku na can ƙasa tana harkar gabanta,
ba ruwanta da kowa.

Don Casimiro ya sauke tabarau, ya taɓa lissafi.
Tawada, feso dubu goma sha takwas.
Sabuwar firinta fil a kwali, dubu ashirin da tara.
Na ce, to wadda ke cikin sabuwar fa?
Ya ce, rabi suke zubawa, uwargida,
zuwa damina za ki dawo.
Na ce, ashe tsugunne ba ta ƙare ba,
a sayar da kare a sayi biri.
Ya yi dariya, bai musa ba.

Na tsaya ina juya kuɗi a tafin hannu.
Kekena shekararsa arba'in da ɗaya,
ya ɗinka rigunan amare, ya ɗinka labulen coci,
bai taɓa tambayata sunan kare ba.
Ɗigon mai yake so, ran Lahadi,
shi ke nan mun rabu lafiya.

Ban sayi komai ba.
Na tsallaka titi wurin yarinyar da ke sayar da jarida,
ta karɓi feso ɗari, ta danna sau biyu,
ta miƙo mini shafina da ɗuminsa
kamar burodin safe.

Hawa ya fi gangara tsawo, kowa ya sani.
Na huta sau huɗu.
Na kai gida, na rufa wa firinta tsohon tawul
yadda ake rufe kejin aku mai surutu.

Ƙarfe biyun dare na ji gurnani.
Na fito da silifa ɗaya a ƙafa.
Ga ta can cikin duhu, ba wanda ya taɓa ta,
tana amayo takarda bayan takarda,
shafin nan nawa, baƙi wuluk, sau goma sha ɗaya,
ruwan ɗorawa ko ɗigo babu.

Ihu bayan hari.

Na tattara su, ban ce mata uffan ba.
Takarda ce mai kyau, ba ta yagewa da wuri.
Gobe zan yanka samfurin wuyan riga da ita,
sunana da lambar fanshona
suna leƙowa ta ƙarƙashin almakashi.