Ɗinkin Da Ba Nawa Ba

Ni baduku ne, ɗan Madunka.
Tun ban fi akuya tsawo ba nake riƙe da basilla.
Na san inda fata ke yarda, na san inda take gardama.
Na ɗinka kube, na ɗinka takalmin ango,
ban taɓa tausayin abin da nake hudawa ba.

Sai ga Zayyanu.
Lokacin ma bai zama Zayyanu ba,
jinjiri ne, kwana uku a duniya,
yana sha, ba ya fitarwa.
Kulu ta buɗe tsumma da asuba, fes.
Ta buɗe da azahar, fes.
Wa ya taɓa kuka don tsumma ya ƙi ɓaci?
Mu mun yi.

Ciki ya tashi kamar salkar da aka cika,
yana ƙyalli, jijiyoyi kwance a kai.
Inna ta ce iska ce, a bari ya kwana.
Da ya amayo kore shar
na tare ɗan kabu-kabu, ban tambayi kuɗi ba,
mu uku a bayansa har Gawon Nama.

Likitar ba ta girmi ƙanwata ba.
Ta zana mani hanji a bayan takardar magani,
ta ce nan ƙasa wani yanki barci yake tun a ciki,
ba ya matsawa, ba ya turawa.
Za mu yanka. Sa hannu nan.
Na dangwala yatsa,
jan rinin da ke farcena ya gauraya da shuɗin tawada.

Suka ɗebi jinina leda guda, suka ce fita waje.
Awa huɗu a gindin dogonyaro.
Wani mutumin Illela da ban sani ba
ya ɓare goro, ya miƙo mani rabi, bai ce komai ba.
Duk addu'ar da na haddace ta gudu,
saura guda:
Ya Rabbi, hannunta.
Kada ta ja zare da ƙarfi,
fatar sabuwa ce, ko rana ba ta gani ba.

Aka fito da shi da ƙofa a gefen ciki,
ja, ɗanya, kamar goron da na kasa ci.
Kulu ta juya fuska bango.
Yini ɗaya ta yi haka.
Kashegari ita ce ke nuna mani
yadda ake goge gefen, yadda ake shafa mai,
tana yi mani faɗa wai hannuna kaushi.

Dare na biyu, wajen ƙarfe uku,
fanka ta tsaya, zafi ya zauna a ƙirjin kowa,
sai ga shi, baƙi, ɗan kaɗan, bai cika cokali ba.
Nas ta haska fitilar waya ta ce barka.
Na yi sujada a kan siminti saboda kashi,
kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar suna aka yanka rago a gida, ba mu nan.
Liman ya raɗa sunan ta waya,
na kara ta a kunnen yaron, shi kuwa barci.

Da gari ya waye na duƙa da idon sana'a.
Tara ne. Tazara daidai.
Na nemi inda ta ɓoye ƙullin, ban samu ba.
Shekara talatin ina ɗinki.

An ce in ya yi ƙwari mu koma,
a rufe wagga ƙofa, a buɗe ta gaskiya.
To. Kulu ta fara adashi.
Ni na koma rumfa,
amma yanzu kafin in soka basilla
sai na tarar da yatsana yana shafa wurin.
Almu, yaron shagona, ya ce na rage sauri.
Na ce awo, miƙo mani zaren.