Akwati Marar Ƙofa

Ran kasuwar Aliero ta iso mana,
a lafe cikin buhunan motar albasa,
karya ce ja, haƙarƙari a ƙirge,
kunne guda a tsage, wuya da sawun waya.
Yaran mota suka ce tun Gummi ta hau.
Ba wanda ya san mai ita, ni ma ban bincika ba.

Mai gadin rumbu nake nema,
sai na samu wadda murfin tukunya ke kora.
In babur ya wuce bayan danga
sai ta tsugunna, fitsari na bin ƙafarta.
Magawata ya leƙo ta katanga yana dariya:
"Wagga ita za a ɗaukar ma mai gadi!"
Tumba 'yata ta raɗa mata suna Bar-ta.

Na kai wa Cindo kafinta ragowar katako,
ya haɗa akwati, ya sa ƙofa da sakata.
Daren farko na tura ta ciki na rufe.
Da asuba na tarar da jini a katakon,
ta ci gefen ƙofa har dasashi ya fashe,
ba haushi, ba kuka, rawar jiki kawai.

Ƙanena Nomau na zaune bakin rijiya.
Wata biyu ya yi a daji
hannun mutanen da ba ma kiran sunansu da dare.
Tun da muka sayar da shanun noma ya dawo
bai kwana a ɗaki rufe ba,
maganarsa a yini ba ta cika cokali.
Ya dubi jinin, ya dube ni.
Ya ce, "Cire ƙofar, Yaya."

Na cire.

Shi ya karɓi aikin.
Ƙanzon tuwo a kasko, taku biyar daga akwati.
Gobe taku huɗu. Jibi ta ƙi, ya mayar biyar.
Ba ya kiranta, ba ya kallon idonta,
yakan ba ta baya yana ɓare gyaɗa.
Ya shimfiɗa tsohuwar taguwarsa a ciki,
ya lulluɓe saman da buhu don duhu ya zauna.
Wanda maciji ya sara, in ji shi,
ba a jefa masa igiya don a gwada shi.

Kwana tara, ta sa kai ta fizgo ƙashi.
Kwana goma sha shida, ƙafafun gaba.
Sai wani yaro ya harba knockout na biki,
muka koma taku biyar.
Na ce asarar ƙanzo ce. Nomau bai tanka ba.

Daren da ruwan farko ya sauka,
tsawa ta tsaga sama ta wajen Jega.
Na fito da fitila in rufe albasa,
na duba gindin turmi, ba ta nan,
na duba bayan murhu, ba ta nan.
Ido biyu suka haska daga cikin akwatin,
ta naɗe kan taguwar, haɓa bisa ƙafa,
tana rawa, amma ba ta gudu ba.
Nomau na tsugune gefe, ruwa na dukan bayansa.

Har yau ba ta yi wa ɓarawo haushi ba,
Magawata na nan da dariyarsa.
Ƙofar akwatin na jingine bayan rumbu, gara ta fara ci.
Shekaranjiya da na fito alwala
na ga ƙyauren ɗakin Nomau a jaye,
saura kamar faɗin tafin hannu.