Jar Fitila

Biyar saura kwata nake barin Cacilhas,
kogin Tejo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Jirgin fito na farko: ni, da masu sharar ofis,
da wani mai gyaran lif da ke gyangyaɗi a tsaye.
Ba mai sanina a nan. Hular ulu ta rufe goshi,
fuskar da Lisbon za ta gani tana cikin jaka tukuna.

Dulce ce mai haɗa ta. Hoda, jan baki, gazar,
ta cije burushi tana magana ta hanci:
"Graciete, kuka kika yi jiya, ko gishiri ya yi yawa?"
Na ce gishiri. Ta ce to. Ta ƙara hoda ƙasan ido.
Shekara sha ɗaya tana rufa min asiri,
ba ta taɓa tambaya sau biyu ba.

Ana rubuto min: a ina kika samo ƙarfin hali?
Da sun leƙa ƙarƙashin tebur!
Gwiwar hagu har gobe rawa take
in Amílcar ya ɗaga yatsu, uku, biyu, ɗaya,
jar fitila ta buɗe ido.
Ban iya hana ta ba, kunyarta kawai na daina ji.
Tsoro baƙona ne kullum, na ba shi kujera,
makirufo ne ban ba shi ba.

Uwata Ermelinda kifi ta sayar a Setúbal,
shekara arba'in hannu cikin ƙanƙara,
amma ba ta taɓa fita ba 'yan kunne ba.
"Miƙe bayanki, yarinya,
mai saye kafaɗa yake duba kafin ya dubi kifi."
Makarantar adona ke nan gaba ɗaya.

Akwai koren kwat da na tsinta a gwanjo,
maɓalli ɗaya ba ɗan gidansu ba ne.
Wani ya aiko cewa na yi kama da aku.
Na sa shi Litinin, na sa shi Talata,
ran Juma'a har ni na fara ganin akun,
na kuwa ga ya yi kyau.
Ƙafata, wadda kyamara ba ta kaiwa,
tana cikin silifas mai hoton kyanwa.

Ranar da sunan baƙo ya ɓace min,
daƙiƙa huɗu, kowace ta fi shekara.
Na ce, "Ka yafe ni, kaina ya tafi shan kofi."
Na kwana ina cizon yatsa.
Washegari a kantin magani wata tsohuwa
ta kama hannuna: "Jiya na fara sonki."

Da likita ya gwada jinina bai yi murmushi ba.
Yanzu takwas na yi, waya ta shiga aljihun tebur
ta yi ta kukanta ita kaɗai.
Miyar kabeji, burodi, man zaitun kaɗan.
Ina hawan tudun unguwarmu da ƙafa,
ina haki, ina zagin wanda ya shimfiɗa duwatsun.
Wata rana na iya, wata rana na hau bas.
Ba na faɗin wannan a shirin lafiya.

Da yamma auduga ke karɓar fuskar aro,
ta bar min tawa, da layukanta biyu a goshi,
waɗanda na gada, ban saya ba.
Maƙwabcina Custódio ba shi da talabijin.
Abin da ya sani game da ni ɗaya ne:
ni ce mai manta shanya a cikin ruwan sama.
Yau ma ya ƙwanƙwasa, rungume da zanen gadona,
yana girgiza kai.