Kwana Tara a Kan Kalma Ɗaya

Ni ce mai bugawa. Ba ni da baki a teburin,
yatsu kawai gare ni, da kujera mai ɗingishi.
Ɗakin bayan coci ne a Bukuru,
sanyin Yuli ya shige siminti ya ƙi fita,
ruwa na dukan kwano kamar ana watsa tsakuwa.

Su huɗu ne, kowa da tabarau da taurin kansa,
kwana tara ke nan muna kan layi ɗaya.

Rabaran Dalyop ya ce: Doka.
A rubuta doka, mu wuce, shayi na hucewa.
Malam Chuwang ya girgiza kai:
Doka ta ɗan sanda ce a shingen hanya,
ɗari biyu ke sa ta ɗage itace.
To, umarni?
Wannan na soja ne, na san shi,
gwiwata ba ta manta tsallen kwaɗo ba.
Wani ya ce shari'a. Ɗakin ya yi tsit.
A garin nan akwai kalmomi masu tabo,
sai an lallaɓa ake ɗaukarsu.

Nanpon, ƙaraminsu, shi ya karanci Ibrananci,
yana bin baƙaƙen da yatsa daga dama.
Ya ce: A asali ba a kira su dokoki goma ba,
maganganu goma aka ce.
Kuma inda muka sa girmama iyaye,
saiwar kalmar nauyi ce.

Sai Ngo Kangyang ta yi dariya.
Ita ba malama ba ce, dankali take sayarwa a Farin Gada.
An gayyato ta ne ta zama kunnen kasuwa,
abin da bai shige ta ba, a sake shi.
Ta ce: Nauyi? Ai na sani.
Na goya uwata daga gona har bakin titi,
ba ta kai buhu ba,
amma har yau bayana na tuna ta.

Aka zo kan jini.
Kisa za a ce, ko kisan kai?
Suka buɗe ƙamus uku, suka yi ta awo,
ban da yaƙi, ban da kuskure, ban da kare kai.
Ngo ta dubi taga.
Kowa ya san ɗanta ya fita sayen kananzir
wata Juma'a, shekarun baya,
galan ɗin kaɗai aka kawo mata.

Ta ce: Ku bar awon tukuna.
Wannan kada da ke gaban kowane layi,
da wace murya aka faɗe ta?
Sa'ad da yaron nan yake rarrafe,
gidanmu na gab da ramin kuza,
ruwan kore, shiru, ba a san ƙarshensa ba.
Na juya in kwashe acca, na waiga,
ga shi a baki, yana miƙa wa inuwarsa hannu.
Na ce KADA!
Duwatsu suka maido mini da ita.
Wanda ya ji daga nesa zai ce faɗa nake.

Ba wanda ya taɓa ƙamus.

A ƙarshe doka aka bari,
Rabaran ya ce jama'a sun saba da ita,
Nanpon ya roƙi ɗan bayani a ƙasan shafi.
Na buga. Aka ɗauke wuta kafin in adana.

Da yamma na tarar da ƙanena a zaure
yana lissafa sunayen mutanen tsallaken rafi,
muryarsa ƙasa-ƙasa, idonsa ja.
Ban tuna aya ba, ban tuna shafi ba.
Na kama wuyan hannunsa, sanyi ƙalau,
na faɗa masa kalmar nan
da muryar mai dankali.