Wasiƙar Nandasili zuwa Bombay

Zaibu, ruwa ake yi a Kolombo tun daren jiya,
rufin kicin na ɗiga cikin tukunyar shinkafa.
Sai na tuna ruwan ƙarya da suka sakar mana daga bututu,
sau goma sha ɗaya muna jiƙewa,
darakta na cewa a sake, murmushin bai nuna ba,
mu kuwa haƙora sai kaɗawa.

Ke sun tuɓe miki Zaibunnisa a ƙofar situdiyo,
suka liƙa miki Kamalini, wai ya fi kyau a jikin fasta.
Ni sun bar mini suna, murya suka ɗauke.
Hindi ya ƙi kwanciya a harshena,
aka ce in yi ta ƙirga da Sinhala, ɗaya, biyu, uku,
ido cike da ƙwalla,
wata da ban taɓa gani ba ta ɗora magana a leɓena.
Gari guda ya sha kuka a kan lissafi,
ni kaɗai na san abin da nake cewa.

Kin tuna mai shayin nan na Dadar?
Sati uku ya ƙi karɓar ko kwabo,
ranar da fim ya faɗi ya fito da littafin bashi,
har biskit ɗin da muka ba kyanwa yana ciki.
Kika biya da ɗan kunne, muna tafe muna ƙyalƙyalewa.

Na dawo gida da akwati biyu da tari.
Nan ma an yi yayina, kada ki raina:
mata sun ɗinka rigata daga Kandi har Matara,
wani malamin makaranta ya aiko wasiƙa saba'in,
ban amsa ko ɗaya ba, har yau ina ajiyewa.

Ina da talatin ba ɗaya suka miƙo mini farin sari,
suka barbaɗa mini furfurar hoda.
Jarumin da ya kewaya gonar shayi da ni bara
bana ya durƙusa yana kirana uwa,
ga shi ya girme ni da shekara shida.
Shi har jikokinsa suka yi wayo yana saurayi.
Na karɓa, Zaibu. Haya ba ta san zuciya ba,
ciki kuma ba a ba shi haƙuri da tafin 'yan kallo.

Mijina ya kwashe awarwarona ya fara fim,
fim ya tsaya a rabi, shi ya wuce gaba ɗaya.
Bar wannan, ba ta da daɗin tonawa.

Silimar da ke Maradana yanzu firji ake sayarwa.
Na shiga rannan, na tsaya daidai inda allo yake,
yaron shago ya ce, Kaka, wane iri kike so?
Finafinaina arba'in da ɗaya,
uku suka tsira, sauran sun narke a gwangwani,
an ce wari kawai suke yi idan an buɗe.

Amma jiya jikata Tilini ta kawo mini waya.
Daƙiƙa arba'in, hoto yana rawar sanyi:
ga ki a gefen hagu kina juyi,
ga ni a tsakiya ina ƙirga,
gashinmu sharkaf, ƙugunmu kamar na zanzaro.
Ta ce, Kaka, me kike gaya masa haka?
Na ce, sirri ne, yarinya. Na kai goma sha bakwai a wurin.

Yaya gwiwar taki? Kina hawa benen nan har yanzu?
Ga ganyen shayi na aiko, kada ki ba surukarki.
Abu ɗaya nake roƙo, in da hali:
matar nan da ta ara mini murya,
ki bincika ko tana da rai.
Ki ce mata bakin yana gaishe ta,
kuma yana so, ko sau ɗaya, su yi ganawa.