Tsinken Sakace

Ni ne na bayan gilashi.
Shekara goma sha ɗaya yatsana na kan jan maɓalli,
Tasi'u na gaban makirufo yana karkace hula.

Kafin rediyo kwandasta ne,
Bata zuwa Kabuga, rataye a ƙofar bas,
yana kwaikwayon tarin direba da ƙorafin fasinja.
Wai wata tsohuwa ta yi dariya har ta manta canjinta,
ya bi ta a ƙafa har Gwammaja da naira ashirin.
Shi ya faɗa mini, ban rantse ba.
Tasi'u ko sannu ya ce maka, ɗaga ta ka duba ƙasanta.

Sai gidajen biki suka gano shi.
Babbar riga ta aro, takalmi na matsa masa yatsa,
yana tsaye shi kaɗai, ba kalangu, ba amshi,
masu kuɗi na dariya da cokali a baki,
ba su san da su yake ba
sai sun isa gida.

Ƙarfe tara na dare muke buɗe shirin.
Tsinken Sakace, in ji shi,
wanda bai ci nama ba, me zai tsorata?
Mai shayi a Fagge ya rage wutar risho,
'yan adaidaita su faka a gindin gada,
a Kwari masu gadi su haɗa kai kan rediyo ɗaya.
Nan ya haifi Honarabul Za-a-yi,
mai tumbi a murya,
wanda ya buɗe famfo guda sau uku,
kowane buɗi da almakashi da sabon kirtani,
ruwan kuwa a jarka aka zo da shi.
Ba sunan kowa a ciki.
Mutum bakwai suka bugo waya, kowa na cewa da shi ake.

Wata Laraba manaja ya kira ni gefe:
in ya taɓo famfon nan, ka yanke.
Ina da 'ya'ya huɗu da kuɗin haya a Kurna.
Ya taɓo.
Na danna.
Daƙiƙa arba'in Kano na jijjiga rediyo, ana zargin batir.
Ta cikin gilashi ya dubi hannuna,
bakinsa bai daina motsi ba,
ya ƙarasa labarin, ni kaɗai na gani.

Washegari ya buɗe da cewa:
jiya na yi barkwancin da ya fi kowanne karɓuwa,
shiru ne, har manya sun aiko a maimaita.

Ya kwana biyu a ofishin 'yan sanda, ya fito da labarin sauro.
An aiko masa mukullin mota a ambulan,
ya mayar, ya ce tasa ƙafar ba ta shan mai.
Amma na san daren da ya zauna a matakala
yana lissafin kuɗin makaranta a bayan takardar shirin,
babu mai kallo, fuskar kamar ba tasa ba.

Bara maƙogwaron ya fara gardama.
Zuma, citta, kanumfari, sannan asibiti, sannan wuƙa.
Yanzu yana zaune a zaure a Ɗorayi,
da ƙyalle a wuya, da littafin 'yan firamare a cinya.

Na je ran Juma'a da lemo a leda,
da haƙurin da na daɗe ina taunawa.
Kafin in buɗe baki ya ɗaga mini hannu,
ya lashi biro, ya yi rubutu a hankali, ya miƙo:

Lurwanu, kwantar da hankalinka,
wannan karon ba kai ka yanke ba.

Na yi dariya har lemon ya zube,
yara suka leƙo,
shi kuwa kafaɗunsa kawai ke rawa,
yana nuna mini in tsince na ƙarƙashin benci.